Wasiƙu a cikin gwangwani: a ina ake adana tarihin 'yan Norway da suka yi ƙaura zuwa Amurka?

Bakatsiniya a Minnesota ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina karatu a jihar Minnesota ta Amurka, kuma shekara biyu ke nan ina haya a saman benen gidan wata dattijuwa da ta haura shekara tamanin, wadda ta riƙe ni tamkar jikarta. A makon jiya, muna cikin kwashe kaya daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa saboda ruwa ya fara tsattsafowa ta bango, sai ta nuna mini wata tsohuwar adaka ta katako, an yi mata zanen furanni ja da shuɗi, an kuma rubuta sunan mace da shekarar 1868 a gabanta. A cikin adakar akwai gwangwanin biskit, a cikinsa kuma wasiƙu ashirin da uku da aka ɗaure da zaren ulu. Takardun sun yi ja, sun yi laushi a wurin ninki, kuma marubucin ya cika kowane shafi har baki, a wani wurin ma ya juya takardar ya ci gaba da rubutu a gefe don kada ya bar fili ko kaɗan. Abin da na iya karantawa kawai shi ne shekarun, daga 1871 zuwa 1893.

Dattijuwar ta ce adakar ta kakar mahaifinta ce, wadda ta zo daga Norway tana budurwa, wasiƙun kuma danginta ne na gida suka aiko mata. Ita kanta ba ta jin harshen Norway, in ban da addu'ar da suke yi kafin cin abinci da sunayen wasu abinci na lokacin Kirsimeti. 'Ya'yanta suna nesa, hankalinsu ba ya kan waɗannan kaya, kuma ta faɗa mini da bakinta cewa tsoronta shi ne ranar da ta rasu a tattara su a zuba a bola. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na yi mata alkawarin zan bincika.

Tambayoyina uku ne. Shin akwai gidajen adana takardun tarihi da suka keɓanta da mutanen Norway na Amurka, waɗanda za su karɓi takardun talaka irin waɗannan? Ta yaya za a gano asalin wannan mata, tunda na duba sunanta a rajistar intanet ta Ellis Island, tsibirin New York da ake tantance baƙi masu shigowa Amurka a da, ban same ta ba? Sannan dattijuwar ta fi son ta ga wasiƙun da kakar tasu ta rubuta da hannunta, ba waɗanda aka aiko mata ba. Ko akwai inda ake samun irinsu? Wani abokin karatuna ya ce a kai takardun a yi musu laminatin kafin su ƙarasa yagewa, amma ban yi ba sai na ji daga gare ku.

Malam Mai Kundi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya. Kafin komai, kada ki kuskura a yi wa takardun nan laminatin, kada kuma a liƙa musu salatif. Zafin na'urar da gam ɗin robar suna cin tsohuwar takarda, kuma abin da aka liƙe ba ya ɓantaruwa sai da ɓarna. Ki fitar da su daga ɗakin da ke da danshi, ki kwance zaren a hankali ba tare da kin sauya jerin da kika same su a kai ba, ki warware kowace wasiƙa ki shimfiɗa ta tare da ambulan ɗinta, ki ɗauki hoton gaba da baya. Ambulan yana da daraja kamar wasiƙar, domin hatimin gidan waya shi ne zai faɗa mana garin da ta fito.

Amsar tambayarki ta farko ita ce e, kuma kina zaune kusa da babban wurin. A garin Northfield, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota kudu da Minneapolis, akwai kwalejin St. Olaf, kuma a cikinta ne ƙungiyar Norwegian-American Historical Association, wadda aka fi sani da NAHA, take ajiye taskarta. An kafa ta a 1925, shekarar da aka cika shekara ɗari da fara ƙaurar. A watan Yulin 1825 ne wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska mai suna Restauration ya tashi daga Stavanger da mutum 52, ya isa New York ranar 9 ga Oktoba da mutum 53, saboda an haifi jaririya a hanya. Daga wannan jirgi zuwa shekarun 1920, kimanin mutum 800,000 suka bar Norway zuwa Arewacin Amurka, kuma in aka auna da yawan jama'ar ƙasa, Ireland ce kaɗai ta fi ta asarar mutane a Turai. Waɗanda suka kafa NAHA sun lura cewa tsofaffin da suka sari daji suna ta mutuwa, jikokinsu kuma sun daina karanta harshen, don haka suka shiga tattara takardu kafin a ƙone su. Sakatarenta na farko shi ne marubuci Ole Rølvaag, wanda ya taso yana kamun kifi a arewacin Norway kafin ya yi ƙaura a 1896, kuma shi da kansa ya riƙa roƙon jama'a su aiko da abin da ke cikin akwatunansu. Editanta na farko kuwa masanin tarihi ne, Theodore Blegen.

Abin da ya burge ni da na yi mako biyu ina karatu a wurin shi ne ba takardun manya kaɗai suka tara ba. Akwai wasiƙun manoma, da littattafan da matan aure suke rubuta abin da ya faru a yini, da littattafan bashi na 'yan tireda, da bayanan tarurrukan coci-coci da na ƙungiyoyin mawaƙa da na masu yaƙi da shan giya. Akwai kuma wani tari da ake kira fayil ɗin Rowberg, wanda wani mutum mai suna Andrew Rowberg ya fara a 1914: sanarwar rasuwa da labarin aure da na cikar shekaru da ya riƙa yankowa daga jaridu. Ga mai neman talaka, sanarwar rasuwa taska ce, domin jaridun 'yan Norway sukan faɗi ƙauyen da mamaci ya fito da shekarar da ya ƙetaro teku. Jaridun nan sun yi yawa. Nordlyset ce ta farko, a Muskego ta jihar Wisconsin a 1847. Skandinaven ta fito a Chicago daga 1866 zuwa 1941. Decorah-Posten kuma ta rayu daga 1874 har 1972.

Adakar kuwa wurinta daban. A garin Decorah na jihar Iowa akwai gidan tarihi na Vesterheim, wanda ma'anar sunansa ita ce gida na yamma. Ya samo asali ne daga kayan da kwalejin Luther ta fara tarawa a 1877, kuma yanzu kayansa sun haura 30,000, har da adakoki irin wadda kika kwatanta, da kayan saƙa, da gidajen katako na farko da aka ciro aka sake kafawa. Zanen furannin da kika gani sunansa rosemaling, kuma kowane yanki na Norway yana da salonsa, har masani kan iya kallon hoto ya ce wannan hannun Telemark ne ko na Hallingdal. Na ukun shi ne cibiyar binciken asali da ke Madison a Wisconsin, wadda Gerhard Naeseth ya kafa a 1974, mutumin da ya ƙarar da shekarunsa yana ƙoƙarin rubuta sunan duk ɗan Norway da ya iso Amurka zuwa 1850.

Tambayarki ta uku ita ce ta fi muhimmanci a wurina, kuma amsarta tana cikin yanayin wasiƙa ita kanta: wasiƙa ba ta zama a gidan wanda ya rubuta ta, a gidan wanda ya karɓa take tsufa. Abin da ke hannunki rabin hira ne. Ɗaya rabin, in Allah ya sa ya tsira, yana Norway. Can suna kiran irin waɗannan wasiƙu amerikabrev, wato wasiƙun Amurka, kuma sun taka rawa sosai wajen tayar da mutane. Wasiƙar da Gjert Hovland ya rubuta a 1835 an yi ta kwafarta da hannu ana yawo da ita ƙauye-ƙauye a yammacin Norway. Blegen ya je Norway a ƙarshen shekarun 1920 yana farautar irinsu, kuma babbar taskar ƙasa da ke Oslo tana da tari mai yawa, wanda Farfesa Orm Øverland ya tace ya buga, daga baya NAHA ta fitar da fassarar Ingilishi. Gidan tarihin masu ƙaura da ke Ottestad, kusa da Hamar, shi ma yana tattara su. Amma da yawa suna nan a gonaki, a aljihun tebur, a hannun jikokin waɗanda ba su tafi ba. Don haka sai an fara gano gonar.

Bazazzage a Bergen ya amsa:

Baba Malam ya gama magana a kan ɓangaren Amurka, bari in ɗora daga nan inda nake zaune. Ƙanwata, rashin samunta a Ellis Island ba abin mamaki ba ne, domin ba a buɗe wurin ba sai a 1892, shekara ashirin da huɗu bayan shekarar da ke jikin adakar. Ƙari a kan haka, daga wajen 1850 zuwa ƙarshen shekarun 1860 yawancin 'yan Norway ba ta New York suke shiga ba, ta Quebec ta Kanada suke bi. Dalilin kuwa na kasuwanci ne: jiragen Norway suna kai fasinja Quebec, su ɗauko katako zuwa Ingila, don haka kuɗin jirgi ya yi sauƙi. Daga Quebec sai a bi manyan tafkuna zuwa Milwaukee ko Chicago. Jerin sunayen fasinjojin Quebec ya fara ne daga 1865, saboda haka matar nan ta faɗo a cikin lokacin da ake da rajista. Daga baya, da jirage masu inji suka karɓe hanya, sai aka koma bi ta Hull a Ingila, a hau jirgin ƙasa zuwa Liverpool.

Inda mutane suka fi ɓata shi ne wajen suna, kuma mu Hausawa za mu fi saurin gane tsarin, domin ya yi kama da yadda muke jera sunan yanka da na uba da na gari. Bakauyen Norway na wancan zamani yana da suna uku: nasa, da na mahaifinsa, da na gonar da yake zaune. Idan uba sunansa Hans, ɗansa Ole zai zama Ole Hansen, 'yarsa Kari kuma Kari Hansdatter. Suna na uku adireshi ne kawai, in mutum ya koma wata gona sai ya sauya. Ba a tilasta wa kowa riƙe sunan iyali guda ba sai da dokar 1923. Da suka isa Amurka sai kowa ya zaɓi ɗaya, har a samu 'yan'uwa ciki ɗaya, wannan yana amsa sunan uba, wancan yana amsa na gona, a kuma lanƙwasa rubutun don ya dace da bakin Bature. Tsohon mataimakin shugaban Amurka Walter Mondale, alal misali, sunan zuriyarsa daga Mundal yake, wani wuri a Fjærland. Saboda haka ki koma ki kalli adakar da kyau. In akwai kalma ta uku bayan wadda ta ƙare da datter, ita ce mabuɗin.

Da zarar kin sami sunan gonar, sauran aikin kina iya yin sa daga ɗakinki, domin hukumar taskar ƙasar Norway ta ɗora rajistocinta a intanet kyauta a shafin Digitalarkivet tun 1998. Ki fara da ƙidayar jama'a ta 1865, wadda aka yi shekara uku kafin tafiyar matar, za ki gan ta a gidan iyayenta ko a gidan da take aikatau. Ƙidayar ta nuna jama'ar ƙasar sun kai miliyan 1.7, alhali a 1801 ba su cika 900,000 ba, kuma wannan shi ne babban tushen ƙaurar: gona ɗan fari ne ke gadonta, ƙanne kuma sai su zama husmann, wato masu zaman aro a gefen gonar wani suna biya da ƙarfinsu. Daga nan ki duba littafin coci, inda fasto ke rubuta haihuwa da baftisma da aure da mutuwa, da wani sashe na waɗanda suka bar yankin, sau da yawa da kalmar Amerika a gaban sunan. Tun farkon ƙarni na 19 aka umarci mataimakin fasto ya riƙe kwafi na biyu, da sharaɗin kada littattafan biyu su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, don in gobara ta ci ɗaya, ɗayan ya tsira. 'Yan sanda su ma sun fara rajistar masu fita a Kristiania, wato Oslo ta yau, da Trondheim a 1867, a Bergen kuma a 1874, amma ta Stavanger gobara ta cinye ta a 1929.

Abu na ƙarshe shi ne bygdebok, littafin tarihin yanki, wanda ke bin gonaki ɗaya bayan ɗaya yana lissafa waɗanda suka zauna a kowace, wani lokaci tun daga ƙarni na 17. Da shi ake gane wa ke gonar a yau. In kin ɗora hoton shafi ɗaya a nan zan gwada karantawa, ko da yake ki sani rubutun hannun zamanin na Gotik ne, harshen rubutun kuma ya fi kusa da na Denmark, har matasan Norway na yau da yawa ba sa iya karanta shi.

Bakatsiniya a Minnesota ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam da Yaya. Na koma da tocila na haska gaban adakar a kaikaice, sai ga kalma ta uku a ƙarƙashin zanen, fentin ya kusa gogewa, kuma ba ta yi kama da sunan da iyalin ke amfani da shi yanzu ba ko kaɗan. Ita ce kuma a saman wasiƙu goma sha tara daga cikin ashirin da ukun, kusa da kwanan wata. Da na karanta wa dattijuwar ita da irin lafazina, sai ta yi shiru, can ta ce ta tuna mahaifinta yakan ambaci kalmar in yana maganar tsohon gida, ita kuwa duk rayuwarta ta ɗauka sunan mutum ne. Yanzu tana tambaya ko ta ba da komai ga NAHA nan da nan.

Hajiya Malama ta amsa:

'Yata, ina tare da Malam a kan cewa takardun nan wurinsu taska, amma ban goyi bayan gaggawa ba. Akwai taskar da ta fi gwangwanin nan saurin lalacewa, ita ce dattijuwar kanta. Abin da ya faru da kika karanta mata sunan gonar ya isa shaida. Ki zauna da ita da wayarki, ki naɗi muryarta tana addu'ar cin abincin nan, ki tambaye ta wa ya koya mata, a wace coci aka yi mata baftisma, wa aka binne a ina, kuma yaushe aka daina magana da harshen a gidansu. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da tarihi mai ciwo. A lokacin yaƙin duniya na farko an tsangwami masu magana da harsunan waje, har gwamnan Iowa, William Harding, ya fitar da sanarwa a 1918 da ta hana amfani da kowane harshe in ba Ingilishi ba a makaranta da coci da ma wayar tarho. Iyaye da yawa sun daina koya wa 'ya'yansu harshen tun daga lokacin, dokar shige da fice ta 1924 kuma ta rage sababbin zuwa da za su raya shi. Masanin harshe Einar Haugen, wanda shi ma ɗan masu ƙaura ne, ya zagaya ƙauyukan Wisconsin da maƙwabtanta a shekarun 1930 da 1940 yana naɗar muryoyin tsofaffi, kuma albarkacinsa ne muka san yadda harshen ya gauraya, har kalmar barn, wadda a Norway take nufin yaro, ta kuma ɗauki ma'anarta ta Ingilishi, wato rumbun gona, a bakin 'yan Norway na Amurka.

Sannan ina so duk mai shiga waɗannan taskoki ya shiga da idonsa biyu, domin abin da aka ajiye ya danganta da wanda ya yi ajiyar. Fastoci da editoci da malaman kwaleji sun bar takardu akwati-akwati, yarinyar da ta yi aikatau a Chicago kuwa da wuya ta bar ko shafi guda. Wanda ya yi arziki yana yawan rubuta wasiƙa, har ya je a ɗauke shi hoto a gaban sabon gidansa, kamar hotunan da Andreas Larsen Dahl ya ɗauka a Wisconsin a shekarun 1870, inda iyalai ke fito da kujeru da keken ɗinki tsakar gida don a gani a Norway. Wanda abin ya ƙi masa sai ya yi shiru, sunansa ya koma fitowa a shafin cigiya na jarida. Muryoyin mata da suka tsira, irin littafin yini na Elisabeth Koren, matar fasto da ta iso Iowa a 1853, da wasiƙun Gro Svendsen, manomiya daga Hallingdal, sun yi daraja ne saboda ƙarancinsu.

Akwai kuma shirun da ya fi wannan girma. Ƙasar da 'yan Norway suka nome a kudanci da yammacin Minnesota ta mutanen Dakota ce, 'yan asalin wurin tun kafin zuwan Turawa, an karɓe ta ne da yarjejeniyoyin 1851. Da yunwa da saɓa alkawarin biyan kuɗi suka kai su bango, yaƙi ya ɓarke a 1862, kuma ranar 26 ga Disamba na shekarar aka rataye mutum 38 daga cikinsu a Mankato. Wasiƙar Guri Endresen, wadda aka kashe mijinta da ɗanta a yaƙin, ta shahara, kuma ba ta iya rubuta wa danginta labarin ba sai a 1866, bayan shekara huɗu. Baƙin cikinta gaskiya ne, babu mai musu. Amma matan Dakota da aka tsare a sansanin soja na Fort Snelling a wannan hunturu, aka kuma kore su daga jihar, ba a tattara nasu bayanin da irin wannan himma ba. In kin sami takardar gonar iyalin nan, ki tambayi kanki ta wa ce kafin 1851, ki rubuta amsar a cikin bayanin da za ki haɗa da wasiƙun. Haka kuma ba duk wanda ya fito daga Norway ne Banorwaye a harshe ba: akwai Samawa, wato ƙabilar Sami ta arewacin Norway, makiyayan barewar ƙanƙara da aka kai Alaska a 1894 da 1898, kuma da yawa daga jikokin Samawa a Amurka sai daga baya suka san asalinsu, domin kakanninsu sun ɓoye shi.

Ɗan Ngaundere ya amsa:

Ina gaishe da iyayena. Ƙarin bayani ne kaɗan daga Kamaru. Zuriyar masu ƙaurar nan sun iso har yankinmu: Adolphus Gunderson, Ba'amurke ɗan asalin Norway, wanda ya fara aikin mishan a Nijeriya, ya zo yankin Adamawa na Kamaru a 1923 ya zauna cikin ƙabilar Gbaya, 'yan mishan daga Norway kanta kuma suka sauka a Ngaundere a 1925. Takardu da hotunan 'yan Norway ɗin suna taskar mishan da ke Stavanger, na 'yan Amurkan kuma suna taskokin cocin Lutheran a Amurka. Maganar Baba Malam cewa wasiƙa tana tsufa a gidan wanda ya karɓa ta shafe mu kai tsaye, domin wasu daga tsofaffin hotunan garinmu da rahotanni a kansa suna can.

Malam Mai Kundi ya sake amsawa:

Hajiya ta yi gaskiya, na kuma karɓi gyara: a fara da muryar dattijuwar. Abin da zan ƙara shi ne takardu biyu na ɓangaren Amurka da ban ambata ba. In iyalin sun sami gona ta dokar Homestead ta 1862, wadda ke bai wa mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara biyar, fayil ɗinsu yana babbar taskar ƙasa a Washington, kuma a ciki akwai rantsuwar maƙwabta da ke faɗin girman ɗakin da aka gina da yawan ekar da aka huɗa, sau da yawa har da takardar zama ɗan ƙasa. Na biyu shi ne littafin cocinsu. Majami'un Lutheran na 'yan Norway sun rarrabu gida-gida kan saɓanin aƙida kafin manyan su haɗe a 1917, don haka ƙauye ɗaya kan iya samun coci biyu suna kallon juna, sai an san wadda iyalin ke zuwa. Kada ki ɓata lokaci neman ƙidayar Amurka ta 1890, gobarar 1921 ta lalata kusan dukkanta. Ki yi amfani da ta 1880 da ta 1900, wadda ta tambayi shekarar da mutum ya shigo ƙasar.

Game da bayarwa, a rubuta wa ma'aikacin taskar tukuna, a aika masa hotuna da bayanin yadda kayan suka zo hannunta. Za a ba ta takardar kyauta ta sa hannu, kuma wajibi ne ta karanta ta da natsuwa, ta sanar da 'ya'yanta, domin abin da aka bayar ba a sake karɓo shi. In adakar za ta tafi wani wuri, wasiƙun wani wuri, a sa kowane ɓangare ya rubuta a rajistarsa inda ɗayan yake. Ku riƙe kwafin hotunan, ku kuma aika ɗaya ga ƙungiyar tarihi ta yankin da gonar take a Norway. Ku nemi kuma bygdelag ɗin yankin, wato ƙungiyar 'yan asalin wuri ɗaya da ke Amurka. Ta mutanen Valdres ce ta fara a 1899, kuma da yawa suna nan har yau da masu binciken asali na sa kai.

Bakatsiniya a Minnesota ta rubuta:

Ga inda muka kwana. Yaya na Bergen ya karanta shafin da na aika masa, ya ce wasiƙar 1871 daga mahaifiyar matar take, wani ne ya rubuta mata da hannunsa, tana godiya da kuɗin da aka aiko, tana kuma tambaya ko rigar ulun da ta saƙa mata ta isa sanyin can. Ya kuma same ta a ƙidayar 1865, tana da shekara goma sha bakwai, tana aikatau a gonar da sunanta ke jikin adakar, iyayenta kuma husmann ne a gefenta. Jiya da daddare na naɗi dattijuwar na minti arba'in, ta yi addu'ar sau biyu, ta kuma tuno sunan cocin da maƙabartar. Ta kira babbar 'yarta ta waya ta karanta mata fassarar, 'yar ta ce kada a ba da komai sai ta zo a watan gobe ta gani da idonta. Mun rubuta wa taskar Northfield muna neman ranar ziyara, kuma yau da safe na kai wasiƙa gidan waya zuwa ƙungiyar tarihi ta yankin a Norway, da hoton adakar a ciki, muna tambaya ko akwai wanda ke da wasiƙu daga Minnesota masu ɗauke da wannan suna.